Abin da Gara Ta Rage

Na je ɗakin ajiyar takardu a Garwa,
rana tsaka, fanka na juyi ba iska.
Malam Hamajoda ya karkaɗe makulli,
ya ce, "Wa ka zo tonowa?"
Na ce, kakan babana,
Gambo Maikanwa, mutumin Haɗeja, in ji gida.

Ya sauko da rajistar harajin zamanin Faransa.
Gara ta riga ni karatu,
ta sauke shafi arba'in ba ta bar wasali ba.
A na arba'in da ɗaya na tsinto shi.
Kunnen magatakarda bai sha Hausa ba:
"Gambo Mekanua. Jaki shida. Mace ɗaya."
Jakunan an ƙirga su daidai.
Macen ko suna babu.

Na tafi wurin limamin unguwarmu.
Ya kwance gafaka, ƙamshin tsohuwar tawada ya taso.
Can gefen wata addu'ar tsari, da ajami siriri:
"Gambo ya sauka gare mu
shekarar da Binuwai ta ci rumfunan kifi.
Makka ya nufa."
Na ce, ya isa?
Liman ya ce, "Kundin bai raka shi ba."

Sai Goggo Tabawa, a Pitowa,
ido ya tafi, haƙori biyu suka yi saura.
Ta laluba kuncina tana neman tsaga,
ta ce, "Ku 'yan yanzu, takarda ce ba rubutu.
Haɗeja? Wa ya gaya maka?
Damagaram ya baro da bashin kanwa a wuya,
ya ari garin wasu ya yafa.
Makkarsa kuwa bakin kogin nan ce,
inda ya ga Astawabi tana wankin ƙwarya.
Ita ta sayar da nono ta biya harajin jakunan."
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Yau ga ni da shaidu uku,
kowa da nasa Gambon.
Na Bature mai jakuna,
na liman maniyyaci,
na Goggo mai gudun bashi.
Duk na rubuta su da fensir,
ko gobe wani ya zo da gyara.

Astawabi kaɗai na sa wa tawada.
Na danna alƙalami
har sunan ya fito ta bayan shafi,
don in gara ta dawo
ta san da wa take magana.