Shago Marar Ƙofa

A Valparaíso gidaje sun rataye a jikin tudu
kamar wanki a igiya, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa.
Matakala ɗari da sha huɗu na taka,
kwamfuta a bayana, numfashi na neman ƙarewa,
kafin na kai shagon Don Eleuterio,
badukun da ke yi wa ƙafafun da suka saɓa da juna takalma.

’Yarsa ce ta ɗauke ni aikin, daga Santiago ta biya.
Shi kuwa ya dube ni ta saman tabarau,
ƙusoshi uku a bakinsa,
ya ce, “Ke ce maginiyar? Ina bulonki?”

Na ce shago zan gina masa a intanet,
wanda ba ya yoyo, ba a rufe shi.
Ya ce shagon da ba a rufewa
mai shi ba ya barci ke nan.

Kwana tara ina hawa ina sauka.
Na ɗauki hoton fata, hoton zare, hoton basilla,
na ɗauki hannuwansa, ya ɓoye su a aljihu,
wai sun tsufa, za su kori masu saye.
Na ce su ne jarin.
Na tambayi abin da zan rubuta a gurbin “Su wane ne mu”,
ya ce babu wasu mu,
daga shi sai kyanwa, ita kuma ba ta ɗinki.
Haka na rubuta, ban ƙara gishiri ba.

Na zaɓi launin ƙasa, ya ce ya yi duhu,
na sassauta, ya ce yanzu ya zama madara.
Sai ya yanko ƙyallen fatar maraƙi
ya manna a fuskar kwamfutata: “Wannan.”
Dare guda na kwana ina farautar launin.

Ranar da na gama, ya daɗe yana kallo.
Ya ce da kyau, amma ina ƙararrawa?
Shekara arba’in da ɗaya
ba wanda ya shigo masa ba tare da ta yi ƙara ba.
Na miƙe, na kaɗa ta saman ƙofarsa,
na naɗi muryarta, na zuba a wayarsa.

Mako biyu shiru.
Jiragen ruwa na shiga suna fita a ƙasan tudu,
ni ina jin kunyar kuɗin da na karɓa.

Wata Laraba, hazo ya rufe teku,
ina gyara masa farashi, sai ƙararrawa ta kaɗa.
Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Ba kowa.
Ta fito ne daga aljihun rigarsa:
wata mata a Punta Arenas, can inda ƙasa ta ƙare,
ta zana sawun ɗanta a takarda,
na hagu ya gaza na dama da yatsa biyu.

Bai ce mini komai ba.
Ya tofar da ƙusoshin a tafinsa,
ya jawo wayar kusa da fitila,
ya ce wa yaron da ba ya gani,
“Zauna, ɗana. Miƙo ƙafar.”