Ƙyalle Arba'in

Kwana tara ke nan dusar ƙanƙara ta toshe hanyar Narin.
Motar burodi ba ta zo ba.
Esenbek ya fita da shebur tun da duhu
don ya tono wa tumaki ƙofa,
ya dawo gemunsa a daskare, fari fat,
ya ce ruwan bokiti ya zama dutse,
sai da gatari.

Ni ina bakin murhu.
Busasshen kashin tumaki na ci, ba ya gaggawa,
butar shayi na gunaguni
kamar tsohuwar da aka katse wa zance.
A cinyata ƙyalle talatin da takwas.
Saura biyu.

Ran Laraba jikata za ta cika kwana arba'in.
Yadda uwata ta yi mini, haka na yi wa ubanta:
ƙyalle guda daga kowane gida,
a haɗa bargo, a lulluɓe jaririya,
ta kwana a hannun ƙauye duka.
Sai dai ƙauyen ya rame.
In ka ƙirga rufin da ke fid da hayaƙi
sha bakwai ne, har da na malamin makaranta.
Sauran sun tafi Bishkek, sun tafi Mosko,
sun bar wa ƙanƙara gadin ƙofa.

To, sai na faɗa akwati.

Shuɗin nan rigar Esenbek ce
ta shekarar da doki ya zubar da shi a kogi.
Jan, labulen Aijamal;
ta yanko mini tana rantsuwa da can ya fi haka ja.
Mai ɗigo-ɗigon ɗankwalin uwata ne,
har yau ina jin hayaƙi da madara a jikinsa,
ko kuwa hancina ke mini ƙarya.
Farin can ba shi da labari.
Buhun fulawa ne.

Ido ya fara ƙi na.
Sau shida zare na wuce kafar allura
kamar bai taɓa ganinta ba.
Nurgiza, matar ɗana, ta kwantar da 'yar,
ta zura mini, ta zauna, ta kama ɗaya gefen.
Ɗinkinta kamar sawun ɗan akuya a kan tudu,
nan tsalle, can tuntuɓe.
Da ta yi barci na ɗauko almakashi in warware.
Na daɗe riƙe da shi.
Na mayar.

Bayan magariba aka ɗauke wuta.
Muka kunna fitila, inuwarmu ta hau bango ta fi mu ƙiba.
Talant na can yana dakon siminti a ƙasar mutane,
bai san nauyin 'yarsa ba, sai hotonta a waya.
Tsohuwar rigar aikinsa na rataye a ƙusa tun kaka.
Nurgiza ta sauko da ita,
ta yanke aljihun da ke saitin ƙirji,
ta miƙo mini ba ta dube ni ba.
Talatin da tara.

Na kwana ina lissafin bakin rigata,
ko yatsa uku zan rage, wa zai lura?

Da hantsi aka buga ƙofa.
Yaron Saikal ne, hanci ja, ƙanƙara har gwiwa.
Saikal, wadda muka shekara uku ba gaisuwa
a kan ruwan lambun dankali.
Ya buɗe tafinsa: ƙyalle kore,
kore mai muni, irin na kwaɗo,
ba saƙo, ba sannu.

Na ba shi shayi da man shanu, ya tafi.
Na juya ƙyallen, na sake juyawa.
Ba ya shiri da ja, ba ya shiri da shuɗi,
amma kauri gare shi, ulu ne na gaske.

Na ɗinka shi a ƙasa, wajen ƙafa,
inda sanyi ke fara shiga.