'Yar Roba Ba Ta Mutuwa

A Shika, a ɗakin bene, mu goma sha huɗu,
aka kwantar mana da mace ta roba,
cikinta da zif, jininta a gora, ja kamar zoɓo.
Dariya ta kuɓuce wa Lantana ta Giwa.
Sista Hansatu ko murmushi. Ta danna agogo:
"Ta sauka. Jini ya ɓalle. Ina hannuwanku?"

Sai hannuna ya tuna abin da na roƙe shi ya manta.

Damina uku ke nan.
Asibitinmu mai gado biyu, can bayan Dakace,
janareto ya shanye mansa ya yi shiru,
tocilar waya a haƙorana,
Barira ta gidan maƙera ta ce,
"Anti, sanyi nake ji."
Ina canza zane ina cewa da sauƙi,
ina canza zane.
Kafin mai mota ya fito da taya daga laka
ɗan na kuka, uwar ta daina.
Aka ce kwana ya ƙare. Na ce haka ne.
Amma in kakarsa ta kawo shi rigakafi
kati nake duba, ba fuskarsa ba.

"Kar ki auna jini da ido," in ji Sista,
"zane yana sha ya ɓoye.
Murza mara har mahaifa ta yi tauri kamar goruba.
Allura a cinya, ruwa a jijiya.
Ɗaga murya ki kira mutane,
kunya ba ta taɓa tsayar da jini ba."

Na makara. Ta ce, "Kin rasa ta. Sake."
Sau uku ta mutu a hannuna kafin azahar,
sau uku aka cika gora, aka ja zif,
ta dawo, ba ta riƙe ni a zuci ba.
A na huɗu Sista ta dubi agogo,
ta ce, "Wa ke biye?"
Na fita baranda na yi kukan da Barira ke bi na.

Ran Juma'a, a motar Kwangila,
na tsinci hannuna yana murza jakata.

Yanzu lambar direba uku na jikin bango,
na koya wa Delu mai shara riƙe ledar ruwa,
maigadi ya san inda fitila take.
Jiya da dare aka buga ƙofa.
Gabana ya faɗi, kamar kullum.
Na wanke hannu.