Ya Kawo?

Ina kan kwanon gidan Baba Manoli,
Ba takalmi, sifana a baki,
Rana ta gasa ƙusoshi har suna cizo.
Shi yana ƙasa bisa kujerar kaba,
Gaban akwatin da ba ya komai sai yayyafi.

"Sallau, juya!"
Na juya faranti, na leƙo: "Ya kawo?"
"Bai kawo ba."

Auduga ta kawo shi Zariya,
Jirgin da ya sauke shi ya daina zuwa.
'Yan'uwansa na PZ sun kulle kanti sun tafi,
Shi ya rage, da sikeli mai tsatsa.
Da Hausa yake ciniki, da Hausa yake zagi,
Amma in zazzaɓi ya kayar da shi, in ji kukunsa Jatau,
Da wani harshe yake kiran uwa tasa.

Ya ce garinsu ma haka aka fara:
Tasha guda, fari da baƙi,
Unguwa ta taru a tagar mai hali.
Na ce, Baba, ai labarina kake ba ni.
Mu ma Kaduna muke jira ta buɗe da la'asar,
Mu wanke ƙafa don a bar mu mu zauna,
In hoto ya yi rawa a mari akwatin.
Ya ce, to yanzu an ce tashoshinsu sun hayayyafa,
Ko ɗaya a samo masa,
Ko ta tallan sabulu ce.

Na nufi gabas, Larabawa suka yi sallama.
Na ɗaga kaɗan, ga Indiyawa suna rawa a ruwa.
Na sami ƙwallo, na sami coci,
Na sami wani mai ƙiba yana soya kifi.
Sama cike take da bakuna,
Babu nasa.

Kwana uku.
Ran na huɗu, hadari na haɗowa ta Kufena,
Iska ta ture min hannu, ba dabarata ba,
Na ce, "Ya kawo?"
Shiru.
Na sake tambaya. Shiru.

Na sauko da gudu, ina zaton ajali ne.
Wata mata ce a gilashi, da sanda a hannu,
Tana nuna tsibirai kamar an watsa gero a tabarma.
Leɓensa na bin nata a hankali,
Shayi ya zube a wandonsa bai sani ba.
Can ya ce min, da Hausarsa ta 'yan kasuwa,
"Gobe za a yi ruwa a garinmu."
Ya biya ni ninki biyu,
Ya hana ni ƙara taɓa ko noti ɗaya.

An rufe shi a Sabon Gari da daɗewa.
Farantin yana nan, tantabaru sun gaje shi.
Yau tashoshi sun fi rumfunan Tudun Wada,
Jikokina suna canja su kamar masu tsince wake,
Ba wanda ke wanke ƙafa.

Jiya autana Barau ya kira daga ƙasar sanyi,
Ya ce ya kama wata tashar Hausa a waya,
Ba wani shiri ba ne, farashin masara ake karantawa,
Amma ya saurara har ƙarshe, sau biyu.
Layin yana yankewa.
Na fita tsakar gida, na ɗaga wayar sama,
Ina juyawa,
Yana ce min, "Baba, tsaya nan. Ya kawo."