Gyatsa

Shekara ashirin da biyu ina tura keken tsofaffi
daga Safa zuwa Marwa,
jarina kalma ɗaya: ɗariƙ, ya hajji, ɗariƙ!
Sai taro ya dare, in wuce.

Da dishewa ta fara, na ɗora wa sanyin na'ura.
Wata huɗu ina shan zuma da citta.
Likita ya leƙa, ya ce ciwon daji ne,
ko murya ko rai, zaɓi ɗaya.

Na farka da ƙofa a gindin wuya.
Ta nan iska ke shiga yanzu, ba ta sallama da hanci.
Sa'adiyya ta soya albasa, ban ji ƙamshi ba.
Na hura shayi, shayin bai san ina yi ba.
Jikana ya kawo goshi in yi masa tofi,
na buɗe baki, wayam.
Na juya fuska bango,
kwana tara ban juyo ba.

Ran Talata, hawa na uku, ɗakin Ustaza Abrar.
Mu biyar, kowa da ƙyalle a wuya.
Wani dattijo mutumin Yaman
ya dafa 'yar na'ura ƙarƙashin haɓa,
ya yi mini maraba da muryar zirnaƙo.
Dariya ta kama ni, ta kama shi,
ba ƙara, kafaɗu kawai ke rawa.

Ba ta fara da darasi ba.
Allo ta miƙo: rubuta abin da ya fi ci maka rai.
Na daɗe riƙe da alƙalami.
Na rubuta: amin, bayan liman.

Ta ce haɗiyi iska, tsare ta, dawo da ita.
Ashe gyatsa ce!
Abin da Inna ke ranƙwashina a kai gaban baƙi,
yau shi ake tafa mini.
Ba. Ta. Ka.
Wata biyu ina kan gaɓa guda,
ɗan babbaƙu da furfura.

Jiya da magariba, a masallacin lungunmu na Misfala,
liman ya idar da Fatiha,
sahu ya amsa, ya yi shiru,
sannan tawa ta iso, a makare,
kamar ana jan turmi a kan siminti.
Yaron da ke gefena ya waiwayo.
Ban sunkuyar da kai ba.

Ɗariƙ kuwa har yanzu ta fi ƙarfina.
Ustaza ta ce sai bayan Sha'aban.
Kafin nan, zobe nake bugawa a ƙarfen keke,
kuma ana ba ni hanya.