Ƙanƙarar Dala Goma

Ni ce mai firigo biyu a Bagalam,
ɗaya na aiki, ɗaya ya zama ma'ajin albasa.
In kuran ya kwana bai ɗauke ba,
da asuba ledojina sun yi tauri kamar duwatsun murhu.

Wasu don lamurje suke saye,
wasu don ruwan buɗa-baki.
Nomau kaɗai ke saye don cinyarsa.

Yakan zo bayan magariba,
yashin filin kokawa har cikin kunnuwa,
ya zauna bisa turmina da ke kife,
ya naɗe leda biyu a tsohon kallabina,
ya ɗaure daidai inda naman ya tasa.
Minti goma sha biyar, in ji wani ɗan likita.
Ba shi da agogo. Ni ke ƙirga masa
da tafasar ruwan tuwo.

Ruwa na bin ƙwauri, agwagina na sha a ƙasa.
Ya ce, Inna Cima, ciwon ya yi barci.
Na ce, mai barci ai yana tashi.

Ran karonsa da ɗan Tibiri
sai ga shi bayan azahar, ba lokacinsa ba.
Ya ce, ba ni shida.
Na ce, tun ba a yi ba?
Ya ce, so nake in shiga ban jin komai.
Na karɓi kuɗin.
Wannan ban ɓoye wa kowa ba.

Ban je fili ba, ƙanensa ya kawo mini labari:
ya kama, kamu mai kyau,
ya sunkuya zai ɗauka,
kai ya ce tashi,
cinya ta ce sai an jima.
Nama ya daskare kamar kitse a kwanon safe.
Ƙafar da ba ta jin zafi
ashe ƙasar ma ba ta ji sosai.
Ƙiftawar ido guda ta makara,
gwiwoyi biyu suka sha yashi,
makaɗa suka juya gangunansu wancan gefe.

Sati uku bai bi ta layinmu ba.

Da ya dawo bai gaishe ni da yawa ba.
Ya ce ɗan likitan ya yi masa faɗa:
sanyi bakin ciwo yake rufewa, ba ya ɗinke nama,
kuma kafin karo gumi ake nema.
Har kumburin ma, wai, jiki ne ke gyaran ɗakinsa.

Yanzu leda guda yake saye, bayan an tashi.
Rabi a cinya, rabi a moɗa.
Cinikina ya ragu da dala goma kullum.

Jiya wani yaro ya zo da takalmin ƙwallo a wuya,
wasa saura awa guda, yana son huɗu.
Na dubi gwiwarsa, na dubi kuɗin.
Na ce kuran ya ɗauke tun dare.
Firigo na gurnani a bayana,
shi ma yana ji.