Gwangwanin Tabalak

Ni makanike ne a Tawa,
hannuna ba ya rabo da baƙin mai.
Amma ran Lahadi, tun ladan bai gyara murya ba,
nakan rataya madubin hangena mai ido ɗaya a tsage,
in bi hanyar Agadas har bakin tafki.

Mu huɗu ne:
ni, da Kadade mai kantin magani,
da Tsahara malamar lakkwal,
da Agali, wanda ba ya buɗe baki sai ya ga dinya.
Shekara bakwai muna kallo kyauta.
Kirinjijiya ɗari biyu, zalɓe tara,
mu rubuta, mu sha shayi, mu kaɗe riga mu tafi,
kamar baƙon da ya cinye tuwo
bai tambayi wa ta yi dakan ba.

Wata safiya muka iske kututture
inda balbelu ke kwana.
Sha ɗaya. Na bi su da yatsa,
tunda ƙirga kaɗai na iya.
Nomau na tsaye, gatari a kafaɗa,
jinin bagaruwa bai bushe a bakinsa ba.
Kadade ya ɗauko faɗa tun daga tushe.
Nomau ya bari sai da ya gaji, ya ce:
“Ku da ido kuke zuwa.
Ni da baki shida nake zuwa.
Wace tsuntsuwa ta taɓa auna mini tiyar hatsi?”

Har zakaran ƙeƙuwa, mai tsegumin duniya,
ranar bai ce uffan ba.

Tsahara ce ta juye sauran sikari a tafinta,
ta miƙo mini gwangwanin:
“Huda murfin.”
Na huda da sukudireba.
Ta ce, “Daga yau ido ma zai biya kuɗin shiga.
Kowace tsuntsuwa dala biyar.
Gauraka, in Allah ya kawo ta, dala ashirin.”
Agali ya yi dariya,
don rabonmu da gauraka tun damina uku.

Watan farko jika uku da canji.
Ko nadin waya guda bai saya ba.
Na ji kunya, na ƙara da kuɗin wani kabireta.
Tsahara ta sa ɗalibanta zanen jinjimi,
Kadade ya jera a kanti kusa da maganin tari,
masu zuwa da mura suna fita da tsuntsu.
Wani ɗan Tabalak da ke dako a Yamai
ya turo dala ɗari ta salula,
ya ce a gaida ruwan da ya koya masa iyo.

Muka dasa bagaruwa sittin.
Awaki suka ci talatin da huɗu,
ba su saka ko dala ba.
Muka sake.
Mai gadin kuwa, wa ya san hanyar ɓarawon itace
kamar wanda ya share ta?
Nomau ya karɓi aikin bisa sharaɗi:
albashi ran ɗaya ga wata, ba “sai gwangwani ya yi nauyi” ba.
Baƙo in ya zo da babban madubi,
shi ke tuƙa shi a jirgi,
rabi aljihunsa, rabi ramin murfi.

Ban ce tafki ya warke ba.
Kowace shekara bakinsa na ja da baya,
lambunan albasa na binsa da ƙishirwa,
itacenmu kuma ko kafaɗata bai kai ba.

Amma Lahadin jiya
Nomau ya dafa ni, ya nuna da haɓa.
Can cikin ciyawa, biyu,
kowace da tuntun zinariya,
suna taku kamar ba su taɓa yin yaji ba.
Madubin ya yi ta rawa a hannuna.
Da na sauke, gwangwani na gaban hancina.
“Dala arba’in,” in ji shi.
Na ce, “Ai kai ka fara gani.”
Ya ce, “Ni na biya tun tuni.
Je ka ga tsatsar da ke bakin gatarina.”